Usur da Alli: Wa Zai Gaji Kocin Makarantarmu?

Duk wanda ya hau motar haya daga PZ zuwa Samaru bayan sallar La'asar, ya leƙa ta taga, zai ga abin da muka taso muna gani. Daga Kwangila zuwa Palladan, daga Zango har cikin Samaru, da wuya ka ga filin da ke zaman banza. Yara ne cikin ƙura, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa, an kafa sanduna biyu ko an aza duwatsu a matsayin raga. A gefen kusan kowane fili kuma akwai mutum guda a tsaye, usur rataye a wuya, muryarsa ta dushe. Kowa Koci yake kiransa, amma ƙalilan ne suka taɓa tambayar yadda aka yi ya zama koci, wa ke biyansa, ko ina wannan aiki zai kai shi.

Mu ma ba mu taɓa tambaya ba, sai a hutun da ya wuce, da labari ya iske mu cewa malamin da ya horar da mu a sakandare ya kusa ajiye aiki. Mu huɗu muka shirya muka je gaishe shi, dukkanmu tsofaffin ɗalibansa da yanzu ke karatu a Samaru da Kongo. Mun je da niyyar yin rabin awa, ba mu tashi ba sai da aka kira Magariba. A nan za mu kira shi Malam, kamar yadda muka saba tun muna aji ɗaya.

Daga aji zuwa fili

Malam bai taɓa buga wa wani babban kulob ba. Ya yi ƙwallon unguwa da ta makaranta kamar kowa, gwiwa ta fara ba shi matsala tun yana saurayi, sai ya tafi kwalejin ilimi ya yi NCE a fannin motsa jiki da kiwon lafiya. Da aka tura shi makarantarmu da ke Sabon Gari, takardar ɗaukar aikinsa malamin aji ta kira shi, babu inda aka rubuta koci. Ranar da ya kama aiki shugaban makaranta ya miƙa masa makullin wani ɗan ɗaki a bayan ofis. A ciki ya tarar da ƙwallaye biyu da iskarsu ta sace, da tsohuwar raga, da riguna da ɓera ya riga ya ɗanɗana. Da waɗannan ya fara.

Da safe yana aji da alli a hannu, kuma saboda ƙarancin malamai har darasin kimiyya akan ɗora masa. In an tashi ya je gida ya ci abinci, La'asar na yi ya dawo a kan tsohon babur ɗinsa. Da toka muke shata layin fili, mu ne ke debo ta daga wurin masu tuya a bakin makaranta. In za mu je wasa wata makaranta, Malam ne ke bin abokan aikinsa ofis-ofis yana haɗa kuɗin mota. Man zafi da bandeji da ke cikin jakarsa daga aljihunsa suke fitowa. Duk wannan babu ko sisi da ake ƙara masa a kan albashi, abin da sai yanzu muka sani.

Dokarsa guda ce, kuma ba ta da ɗaukaka ƙara: wanda bai shiga aji da safe ba, ba zai taka ƙwallo da yamma ba, wanda kuma ya faɗi jarrabawa zai zauna a benci har sai sakamakonsa ya gyaru. A lokacin mugunta muke ɗaukar abin. Akwai ɗan gabanmu da ya fi kowa iya ƙwallo, ya yi zangon karatu guda cur yana kallonmu daga gefe saboda lissafi ya kayar da shi. Ya yi fushi, ya yi kuka, yayansa ma ya zo roƙo, Malam bai sauya ba. Yau yaron nan yana shekara ta uku a fannin injiniya, kuma yana cikin mu huɗun da muka je gaisuwar.

Ranar sojojin haya

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne wani wasan kusa da na ƙarshe a gasar makarantun yankinmu. Da abokan karawarmu suka sauko daga mota muka ga maza uku masu ƙirar ƙarfi, an aske musu gemu fes, an sa musu rigar makaranta da ta yi musu kaɗan. Mun san ɗaya daga cikinsu, a gareji yake aiki. Wasu tsofaffin ɗalibai da suka zo mara mana baya suka ja Malam gefe, suka ce su ma suna da samari biyu a unguwa da za su iya kawowa kafin a busa usur. Ya ƙi. Ya kai ƙorafi ga masu shirya gasar, aka ce a buga tukuna, za a duba. Aka lallasa mu, ba a kuma sake tayar da maganar ba.

A motar dawowa babu wanda ya ce uffan. Wasu cikinmu sun yi makonni suna jin haushin Malam, suna ganin taurin kansa ne ya hana mu kofi. Da muka tuna masa da ranar a wannan ziyara, dariya ya yi, ya nuna mana cewa in da ya yarda an kawo sojojin haya, biyu daga cikinmu ne za a cire wa riga a ba baƙi, alhali mu ne muka yi wata uku muna shan rana a atisaye. Ya ce da wane ido zai dube mu gobe a aji ya hana mu satar amsa?

Daga baya Malam ya koma karatu a lokutan hutu har ya samu digiri, kuma wata babbar makaranta ta nemi ya riƙa taimaka wa ƙungiyarta. Ya bayyana mana cewa aikin biyu ba ɗaya ba ne. A sakandare yaro kake koya wa yadda zai tare ƙwallo da yadda zai ɗaga kai kafin ya bayar, rabin aikin kuma lallashin iyaye ne su bar shi ya zo. A babbar makaranta 'yan wasan sun riga sun girma, kowa da halinsa da salon da ya ɗauko daga unguwarsu, sai ka yi ta kokawa da jadawalin lacca da gwaji da yajin aiki. Ka gina ƙungiya shekara biyu, ranar da ta nuna sai rabinta su kammala su tafi hidimar ƙasa.

Ba'amurken da ya zauna a Samaru

Wanda ke ganin kocin makaranta ba ya kai kowa ko'ina, ba sai ya yi nisa ba, ya tambayi tsofaffin 'yan ƙwallon kwando na Jami'ar Ahmadu Bello labarin Oliver B. Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ. Ba'amurke ne da ya zo Najeriya ya mayar da Samaru gida, ya kwashe shekaru gommai yana horar da ɗaliban jami'ar da yaran gari, har Zariya ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwallon kwando a ƙasar nan.

Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma ya tashi a Zariya. Da ƙwallon ƙafa ya fara kamar kowane yaron garin nan, yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Daga nan ya tafi Amurka ya yi wasa a kwaleji, ya buga a Turai, sannan ya shiga aikin farautar 'yan wasa, da farko ma ba tare da albashi ba. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin kulob na gasar NBA, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors. Yana jan ragamarta ƙungiyar ta ci kofin NBA na farko a tarihinta a 2019. Tun 2003 ya kafa gidauniyar Giants of Africa da ke shirya wa matasan nahiyar sansanonin horo, kuma bai taɓa ɓoye cewa a hannun OBJ ya fara ba.

Masai bai zama fitaccen ɗan wasa ba, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA ba. Abin da ya tafi da shi daga filin Samaru shi ne horo da sanin mutane da son wasan, su ne suka kai shi kujerar shugabanci. Haka yawancin aikin kocin makaranta yake. Cikin yara ɗari da zai horar, wataƙila babu ko ɗaya da zai ci abinci da ƙafarsa, amma duka ɗarin za su fita da wani abu.

Inda aikin ya zama sana'a

A Amurka, ƙasar da OBJ ya fito, horar da 'yan makaranta sana'a ce mai tsani. Wasan da suke kira ƙwallon ƙafa daban yake da namu, ya fi kama da zari-ruga, da hannu ake ɗaukar ƙwallon ana sanye da hular kwano. Ko a nan Samaru an san shi, domin an kafa ƙungiyar ABU Titans, wadda ta kara da Lagos Marines a Legas a 2016. A can, mutum kan fara a matsayin mataimakin koci a sakandare, ya zama babban koci, jami'a ta ɗauke shi, ya yi ta hawa.

Eddie Robinson ya kama horar da ƙungiyar Grambling, wata makarantar baƙaƙen fata a jihar Louisiana, a 1941, bai sauka ba sai 1997, ya ci wasanni 408, kuma fiye da 200 daga cikin ɗalibansa sun shiga wasan ƙwararru. Nick Saban ya ci kofin jami'o'i na ƙasa sau bakwai, shida daga ciki a Jami'ar Alabama, kuma kafin ya yi ritaya a Janairun 2024 abin da yake ɗauka a shekara ya haura Dala miliyan 10. Tsanin dai yana da santsi. Gerry Faust ya yi suna a wata sakandare a Cincinnati, inda da wuya a ci shi, har babbar Jami'ar Notre Dame ta ɗauko shi kai tsaye a 1981. Ya yi shekara biyar bai kai inda ake so ba, ya ajiye aikin a 1985. Wannan ya yi daidai da abin da Malam ya faɗa mana, cewa ƙwarewa a sakandare ba ta ba mutum tabbacin nasara a jami'a.

Me ya sa suke daraja aikin haka? Saboda a can makaranta ce ƙofar shiga wasan ƙwararru. Gasar NFL ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara uku da gama sakandare, kuma kusan duka a jami'a suke yin waɗannan shekaru. Yaron da ke son ƙwallo dole ya riƙe littafi, don haka koci da malamin aji hanyarsu ɗaya. A wurinmu hanyar ta rabu biyu. Yaro mai baiwa yakan bar aji ya bi kulob ɗin unguwa ko wata akadami, yana jiran dillalin da zai kai shi Turai. Kusan kowannenmu ya san gidan da aka sayar da fili ko shanu aka bai wa irin wannan dillali, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Mu ma mun taɓa yin haka

Iyayenmu na ba da labarin lokacin da gasar Principals' Cup da ta Academicals ke cika fili, 'yan kallo har a kan bishiya. An fara wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, a 1966 a Ibadan, shekara huɗu bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Samaru ta taɓa karɓar baƙuncinsu. Cikin tawagar Green Eagles da ta ci wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980 akwai Segun Odegbami da ya karanci injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka da ya karanci shari'a a Jami'ar Legas. Ba su bar karatu don ƙwallo ba.

Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Kocin da ya ci na 2007 a Koriya ta Kudu, marigayi Yemi Tella, malami ne a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, kuma da rashin lafiya ya ja yaran har suka doke Sifaniya a bugun fenareti. Ya rasu a watan Oktoban shekarar, makonni kaɗan bayan dawowarsu. Na 2013 kuma ɗan Gombe ne, Manu Garba, ya ɗauko shi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

Sai dai akwai tabon da ba ma son tunawa. A 2016, ana dab da wasan share fage da Jamhuriyar Nijar, 'yan wasa 26 da ke sansanin 'yan ƙasa da 17 suka faɗi gwajin hoton ƙashin hannu da ake tantance shekaru da shi. Nijar ta fitar da mu, muna riƙe da kofin duniya amma ko gasar Afirka ba mu je ba. Waɗannan su ne sojojin hayar da muka gani a filin sakandare, sun dai sauya riga ne. Da a ce daga makarantu ake ɗebo yaran, rajistar aji da sakamakon jarrabawa da malamin da ya san yaro tun yana aji ɗaya sun isa shaida kafin a je ga na'ura.

Ga mai son bin wannan hanya

Da yawa daga cikinmu na raina kwas ɗin motsa jiki da kiwon lafiya da ake yi a Tsangayar Ilimi, har akan tsokani masu yinsa da cewa guje-guje suka zo koya. Wanda ya leƙa littattafansu zai ga suna karanta ƙirar jikin ɗan Adam, da aikin tsoka da numfashi, da abinci mai gina jiki, da halayyar yara, da taimakon gaggawa. Kocin da bai san waɗannan ba shi ne zai sa yaro gudu cikin zafin watan Afrilu babu ruwa, ko ya miƙe ƙafar da ta karye yana cewa targaɗe ne.

Bayan digiri ko NCE, akwai kwasa-kwasan horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke cikin babban filin wasa na Surulere. Akwai kuma lasisin hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, wanda ake hawa daki-daki daga D zuwa C zuwa B zuwa A, sannan na ƙwararru, kuma ta hannun hukumar NFF ake yinsa. Wuraren gwada kai ma ba su ƙare ba: akwai gasar Ramat ta matasa da ake yi a Kano, akwai NUGA, akwai gasar manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018.

Ɗan Zariya ya taɓa hawa tsanin nan har kusa da ƙololuwa. Salisu Yusuf ya ci kofin ƙalubale da Enyimba a 2013, ya zama babban mataimaki a Super Eagles, ya kuma kai tawagar 'yan wasan cikin gida wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018. A shekarar ce kuma NFF ta dakatar da shi na shekara guda tare da tarar Dala 5,000, bayan wani bidiyon 'yan jarida masu bincike ya nuna shi yana karɓar kuɗi. Ya ce kyauta ce aka ba shi, ba ta taɓa zaɓen 'yan wasansa ba, kuma ya koma bakin aiki bayan cikar wa'adin. Duk mai sha'awar aikin ya kamata ya karanta labarin gaba da baya, domin koci na riƙe da abin da yara da iyaye da dillalai ke nema ido rufe, wato gurbi a cikin sha ɗayan farko.

'Yan'uwanmu mata ma akwai gurbi babba da ke jiransu. A makarantarmu 'yan mata sau ɗaya suke taka fili a shekara, ranar intahaus, saboda babu malamar wasanni, iyaye kuma ba za su yarda namiji ya tsaya da 'ya'yansu da yamma ba. Florence Omagbemi ta ɗaga kofin matan Afirka tana kyaftin, ta sake ɗaga shi a 2016 tana koci. Malama ɗaya mai takardar horarwa za ta iya buɗe wa ɗaruruwan 'yan mata ƙofa, a cikin harabar makaranta, cikin suturar da iyaye suka aminta da ita.

Makullin ɗan ɗakin

Kafin mu tafi Malam ya zagaya da mu filin. An yanki gefe guda an gina ajujuwa, abin da ba za mu ce laifi ba ne tunda ɗalibai sun ƙaru, amma yanzu in aka buga kwana sai ƙwallo ta daki taga. Ɗan ɗakin na bayan ofis yana nan, makullinsa na aljihun Malam. Abin da ke damunsa shi ne har yanzu ba a turo wa makarantar wani malamin wasanni ba, matasan malaman da ke nan kuma ana tashi suke wucewa neman na cefane, kuma bai ga laifinsu ba.

Muna da abin da za mu roƙa. Hukumomin ilimi su sa aikin horarwa cikin takardar aiki, da ɗan alawus ko yaya yake. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ke iya tara kuɗin liyafa duk shekara, su ɗauki nauyin malami ɗaya ya je ya yi lasisin D. Masu shirya gasa su daina karɓar sunan yaron da ba a ga sakamakon jarrabawarsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar ma yana da iyali.

Mu kuma ba mu tsaya jiran a amsa roƙon ba. Biyu daga cikinmu sun yi wa Malam alƙawarin zuwa kowace Asabar da safe su taya shi atisayen 'yan ƙananan azuzuwa, muddin ba lokacin jarrabawa ba ne. Ya amince, da sharaɗi guda: mu kawo masa sakamakonmu na zangon da ya wuce ya gani tukuna.